Kawu Oswin Ya Kankare Samaniya

Königsberg, 20 ga Fabrairu, 1910

Zuwa ga 'yar yayata Hulda,

Gaisuwa mai tarin yawa gare ki da mahaifiyarki. Ina fata sanyin bana ya tausaya muku a Dresden fiye da yadda ya yi mana a nan. Ni dai lafiya, in an cire gwiwar hagu da tarin da ya ƙi rabuwa da ni tun Kirsimeti. Kogin garin nan ya daskare har ana tura amalanke a kansa, mutanen kuma sai alfahari suke yi kamar su suka daskarar da shi.

Takardarki ta iso tare da hoton da kika naɗo a ciki. Na buɗe shi a kan teburin maɗaba'a, sai Balzer mai jera haruffa ya leƙo ta kafaɗata, ya tambaye ni ko wani ne ya zauna a kan tawada ya tashi. Ban ce masa aikin 'yar yayata ba ne. Na dai ninke na sa a aljihu.

Hulda, shekara talatin da ɗaya na yi ina sassaƙa hotuna a katako don jaridun Dresden da Leipzig. A faɗin farcen babban yatsa nakan jera layi arba'in, ba wanda ya taɓa ɗan'uwansa. Sai aka zo da kyamara da farantin tutiya da ruwan asid, aikin da nake yi a mako biyu su gama shi kafin kofi ya huce. Rana ɗaya aka sallame mu, mu goma sha ɗaya. Shi ya sa yau shekara shida ke nan ina ƙarshen ƙasa, ina buga takardun da ake liƙa wa gwangwanin kifi. Yanzu kuma ga wasu samari sun ɗauko katakon da aka kore mu daga kansa, suna sara da wuƙar baduku, wai sabon zamani ne ya zo. Kuma har da ke a cikinsu.

Amma ba zan yi miki ƙarya ba. Ranar Lahadi na sake buɗe hoton. Tsohuwar nan mai ɗauke da kwandon gawayi a bayanta, da na daɗe ina kallonta sai na ji kafaɗata ta yi nauyi. Fuskarta ba fuska ba ce, sara uku ne da ɗigo biyu, amma na san ta. Irinsu ne ke hawa matakalar gidanmu na da. Ban san yadda kika yi haka ba, kuma haushi abin yake ba ni.

Mahaifiyarki ta ce har yanzu kina zana furanni a jikin kofuna da safe. Kada ki bari. Sannan ki gaya mini, su wane ne samarin nan, kuma da me kuke buga hotunan? Tawadar ta kama a wani wuri, ta tsallake wani. Akwai tsohon injin hannu a lungun maɗaba'armu, maigida ya yarda in riƙa amfani da shi ranar Lahadi. In kina da abin bugawa, ki aiko. Ko mummuna ne, ya cancanci a buga shi da kyau.

Kawunki,
Oswin Treutler


Dresden, 6 ga Maris, 1910

Kawu,

Mun gode Allah da jin lafiyarka. Mama ta ce ka riƙa shan ruwan albasa da zuma don tarin, ta kuma ce ta san ba za ka sha ba. Mu lafiya lau. Ƙanƙarar kogin Elbe ta fara fashewa.

Na karanta wa samarin wurin da ka ce "ko mummuna ne", Reinhold ya yi dariya har ya zauna a kan fenti. Ya ce a rubuta maganar a saman ƙofa.

Su shida ne. Shagon wani baduku suka kama a bayan tashar jirgi, har yau warin fata bai fita ba. Sun yi wa bango fenti, labulen da hannunsu suka rina, kujerun kuma Kuno ne ya sare su daga kututture. Yawancinsu karatun zanen gine-gine suka baro. Idan muka sami mai tsaya mana mu zana, minti goma sha biyar kawai ake ba ta a tsayuwa ɗaya, sai ta sauya, don kada wani ya sami lokacin ƙawata abin da ya gani. Rannan Reinhold ya zana 'yar mai gidansu da koriyar fuska. Ta duba, ta ce masa ita dai ba kabeji ba ce. Ya ce a ƙarƙashin itatuwa ta tsaya, kuma tana fushi da shi. Ta sake dubawa, ta ce fushin kam ya fito.

Ka ce kyamara ta kore ku. Abin da Reinhold ke faɗa ke nan kullum: tunda kyamara ta iya kwafin abu daidai, mu sai mu nemi abin da ba ta iyawa. Muna yawan zuwa gidan adana kayan tarihi kallon wasu ginshiƙai da aka kawo daga tsibiran kudu, masu mutane a sassaƙe, ja da baƙi da ruwan ƙasa. Muna kuma kallon hotunan katako na kakanninmu na shekaru ɗari huɗu da suka wuce. Su ma ba su ɓoye cewa wuƙa ce ta yi aikin ba.

Da bayan cokali muke bugawa. Mu shafa tawada, mu ɗora takarda, mu yi ta gogawa. Na san ranka zai ɓaci.

Ga babban labarin. Wani dillalin agogon bango mai suna Haubold ya ba su ɗakin bayan shagonsa su baje hotunansu daga ranar sha huɗu ga Mayu. Sun yi ƙuri'a a kaina, huɗu suka yarda, biyu suka ƙi. Za a rataye hotona guda, kuma in kawo kwafi talatin da za a raba wa masu goyon bayan ƙungiyar. Ni kaɗai ce mace. Kuno na cikin waɗanda suka ƙi. A gabana ya ce hannun da ya saba da furen kofi, ko an kai shi ina, furen zai koma. Daga ranar nake saran sabon hoto.

Mata uku ne masu wanki a bakin Elbe. A ƙyauren tsohon kabad ɗin Mama nake yankawa, ba ta sani ba sai da ta je ɗauko faranti. Kwafi talatin da cokali zai kashe mini hannu, don haka zan aiko maka da allon da zarar na gama.

'Yarka,
Hulda


Königsberg, 12 ga Afrilu, 1910

Hulda,

Gaisuwa gare ki da Yaya Minna. Tarin ya tafi da kansa, ba albasa ba zuma, ki gaya mata. Na kuma tashi daga tsohon masaukina tun ƙarshen Maris, don rufin ya fara yoyo a kan gadona. Yanzu ina gidan wata gwauruwa, Uwargida Skrodzki, mai dafa dankali sau uku a rana da suna uku daban. Adireshin yana bayan ambulan.

Allon ya iso maɗaba'a lafiya. Ba takarda a ciki sai guntun da kika rubuta "kwafi talatin, Kawu, na gode". Na juya shi, na auna shi, na shafa shi. Matan uku suna da ƙarfi, ban taɓa su ba, don zane na mai zane ne. Amma na ga lokaci ya ƙure miki, ba ki samu kin share fili ba. Samaniyar cike take da sauran itace, tudu-tudu, duk inda wuƙarki ta bi ta bar tsaga. Kogin ma haka. Da an buga shi a yadda yake, da duk waɗannan sun ɗebi tawada sun fito baƙi kamar kaji sun yi tono. A wurin da na koyi aiki, wanda ya miƙa allo ba a share ba, maigida ba ya ko magana, ajiye masa kayansa yake yi a bakin ƙofa.

Sai na ciro akwatin kayan aikina daga ƙarƙashin gado. Shekara shida ban buɗe shi ba. Na wasa kurfi da alƙaluman ƙarfe, na zauna a bakin taga. Hulda, hannun bai manta ba. Lahadi biyu da hutun cin abincin rana na kwana tara na ba shi. Na bi gefen kawunan matan da gefen zannuwan da suke shanyawa, na kankare samaniya har ta yi sumul kamar cikin faranti, na yi wa kogin haka. Uwargida Skrodzki ta ce tunda na zo gidanta ba ta taɓa jin na yi fito ba sai a kwanakin nan. Ni ban ma san ina yi ba.

Ga kwafi talatin nan a kan takarda mai kyau. Baƙin ya yi baƙi, farin ya yi fari tas, ba ɗigo ko ɗaya. Balzer da kansa ya ce wannan kam ya fara kama da hoto. Ki kai wa Kunon nan, ki ajiye a gabansa, kada ki ce komai.

Allon yana nan, zan aiko shi in na sami akwatin da ya dace. Ba sai kin yi godiya ba. Ni aka yi wa alheri.

Kawunki,
Oswin


Königsberg, 15 ga Afrilu, 1910

Hulda,

Ina gaishe ki. Lafiyar jiki dai tana nan.

Yau da safe tsohon mai masaukina ya kawo mini wasiƙarki ta ranar ɗaya ga wata. Mako biyu ta yi a bayan agogonsa. Kin aika allon maɗaba'a, kin aika wasiƙar gidan da na baro. Na karanta ta a tsaye, sannan na nemi wuri na zauna.

Kin rubuta: "Kada ka taɓa komai, Kawu, musamman samaniya. Waɗannan tsagogin iska ce. Kwana biyar na yi a kansu, su ne abin da na fi so a hoton, kuma su ne abin da ko Kuno ya tsaya ya kalla."

Da farko na yi fushi, ba zan ɓoye ba. Na ce wa Balzer ya gaya mini a wace maɗaba'a ce a duniya ake kiran allon da ba a share ba gamamme. Na ce da yarinyar ta sa takardar cikin ƙunshin kamar yadda mai hankali zai yi, da duk haka ba ta faru ba. Ya ce gaskiyata. Da na ji Balzer ya goyi bayana sai jikina ya yi sanyi.

Gaskiyar ita ce, na ga tsagogin nan duk gefe guda suka karkata. Na lura da hakan tun ranar farko. Wanda ya gaji ko ya yi gaggawa ba ya barin saura a jere. Idona ya gani, amma hannuna yana ƙaiƙayi, sai na bi hannun. Kuma katin gidan waya guda ya isa in tambaye ki. Ban tambaya ba, don ina tsoron ki ce a'a in mayar da akwatin ƙarƙashin gado.

Ban ma buga kwafin gwaji kafin in fara ba, abin da ban taɓa tsallakewa ba a rayuwata. Saboda haka iskar taki ba ta nan ko a takarda.

Ki rubuto, ko zagi ne.

Oswin


Dresden, 24 ga Afrilu, 1910

Oswin,

Ina gaishe ka, ko da yake ba ka cancanta ba. Ƙafata ta kumbura, amma tana kai ni kasuwa. Na ji an ce tarin ya tafi, madalla.

Hulda ba za ta rubuto ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Kai tun kana ɗan shekara bakwai haka kake. Ka tuna ranar da ka aske wa 'yartsanata gashi don ka ce bai yi daidai ba? Shekara hamsin ba su canza ka ba.

Ƙunshinka ya iso ranar Asabar, kuma yarinyar nan don murna ba ta buɗe shi a gida ba. Da gudu ta kai shi shagon, ta kwance a gaban su duka. Wata mai tsaya musu suna zanawa ce ta ba ni labari. Ta ce kowa ya matso yana kallo. Sai wannan Kunon ya ɗauki guda ya ɗaga, ya ce ai ya yi kyau ƙwarai, saura a zagaye shi da ruwan zinariya a ɗora kofi a kai. Hulda ta ce ba ita ta share ba. Ya ce to wa ya aika da shi wurin mai sharewa? Ta tattara takardunta ta fito.

Ta gaya wa Reinhold a cire sunanta. Shi yaron kirki ne, ya ce zai bar mata ƙusarta a bango har ranar buɗewa, in ba ta kawo komai ba a rataya agogo. Sau biyu ya zo gidan nan, ya cinye mini rabin kek, bai shawo kanta ba. Na ce ta yanka wani sabo, ga ɗaya ƙyauren kabad ɗin nan, tunda dai an riga an tona wa farantaina asiri. Ta ce matan nan mako huɗu suka ci mata, ba za su sake fitowa haka ba. Tana zuwa wurin kofuna, tana dawowa, ta zauna. Wuƙarta tana cikin aljihun tebur tare da cokula.

Ni in ka tambaye ni, naka ya fi kyau. Ana ganin komai sarai. Amma ba wanda ya tambaye ni, kuma ba ni ce na daina cin abinci ba.

Saura kwana ashirin. Kai ka ɓata, kai ka san sana'ar. Kada ka aiko da wata takardar ban-haƙuri, ta karanta waccan ta sa ta ƙarƙashin tukunyar fure.

Yayarka,
Minna


Königsberg, 3 ga Mayu, 1910

Hulda,

Gaisuwa. Ina lafiya, sai yatsa guda da na yanke, ba sosai ba. Wannan takardar a cikin ƙunshin take, ɗaure da allon, don na koyi darasi.

Ba zan ba ki haƙuri ba, an ce ba ki so. Zan gaya miki abin da na yi.

A sana'armu ta da, idan aka yi kuskure a allo, misali aka sa wa wani janar hancin da ba nasa ba, ba a jefar da aikin mako biyu. Rami ake haƙawa a wurin, a yanko sabon itace daidai ramin, a cusa, a goge har ya yi daidai da sauran, sannan a sake sassaƙawa. Mafi girman da na taɓa cusawa bai wuce ƙwayar wake ba. Wannan karon samaniya guda ce da kogi.

Na kwafi gefen kawunan matan da zannuwansu a takarda. Na haƙe duk inda na kankare, zurfin rabin yatsa. Itacen ne ya ba ni wahala, don dole ya zama irin na ƙyauren, kuma busasshe na shekaru. Na zagaya kafintoci huɗu, duk ɗanye suke da shi. Ina cin dankali a kicin sai na ɗaga kai na ga kantar da Uwargida Skrodzki ke jera kwalaben tsami a kai. Na daɗe ina kallonta.

Ta ce, "Malam Treutler, in kwalaben kake so ka faɗa."

Na ce katakon nake so. Na ba ta labarin duka. Ta sauke kwalaben da kanta, ta ce mijinta marigayi ma haka yake, ya gyara mata murhu sau ɗaya suka yi wata guda suna cin abinci mai sanyi.

Guntu biyu ne, na sama da na kogi. Sau uku na ɓata na saman kafin ya zauna. Yanzu ko gashi ba zai shiga tsakani ba. Ban sa gam ba, don gam yana son kwana uku a matse, mu kuwa ba mu da su. Akwai 'yar tsaga a gefen hagu, in kin sa bakin wuƙa guntun zai ɗago. Ki yanka, sannan ki manna.

Matanki suna nan yadda kika bar su. Sama da su da ƙasa da su itace ne sabo, ba a taɓa shi ba. Iskar farko ba za ta dawo ba, na sani. Ko za ki yi wata, wannan naki ne. In ba za ki yi ba, ki ba mahaifiyarki ta mayar da ƙyaurenta, ya fi da ƙarfi yanzu.

Kawunki,
Oswin


Dresden, 17 ga Mayu, 1910

Kawuna,

Ina gaishe ka, ina gaishe da yatsan, ina gaishe da Uwargida Skrodzki da kwalabenta. Mu lafiya ƙalau. Mama ta ce in gaya maka na koma cin abinci kamar ɗan dako.

An rataye shi, Kawu. Bari in fara daga farko.

Ƙunshin ya iso ranar bakwai ga wata. Na yi niyyar ba zan buɗe ba, Mama ta buɗe. Na shafa da yatsa ina neman inda ka haɗa, ban samu ba sai da na kai shi bakin taga. Na ɗauki wuƙata daga cikin cokula na tafi shagon.

Kuno na nan yana cin burodi. Ya ce, "A'a, 'yar kofi, an dawo?" Na ce ya matsa yana tare mini haske. Da haushinsa da naka na yanka samaniyar, ban kai awa guda ba. Ba irin ta farko ba ce. Waccan iska ce mai kaɗa zani, wannan kuwa mai fizge shi ce daga hannu.

Ina saran ƙarshe sai wuƙar ta shiga tsagar nan taka, guntun saman ya yi tsalle ya faɗi ƙasa kusa da farantin jan fentin Reinhold. Na sunkuya zan ɗauka, na ga samaniya a hannuna ita kaɗai, ga ja a gefe. Ban yi shawara da kowa ba. Na shafa mata jar tawada, na ɗago kogin na shafa masa kore, matan na ba su baƙi, na mayar da kowane guntu mazauninsa, na ɗora takarda, na sa cokali. Launi uku a bugu ɗaya. Da na ɗaga takardar, ga wani siririn farin layi ya zagaye kawunan matan, daidai inda itacenka ya haɗu da nawa.

Reinhold ya ce ya ji labarin wani mai zane daga ƙasashen arewa da ke yanka allonsa da zarto don ya yi haka, amma nasa gibin sai ka sa yatsa. Kuno ya ajiye burodin. Ya ciro guntun, ya mayar, ya sake cirowa, ya ɗaga allon a haske yana neman inda rana za ta ɓullo.

Ya ce, "Wane kafinta ne ya yi wannan?"

Na ce, "Mai sharewar nan ne."

Ya goge hannunsa a wando kafin ya sake taɓawa. Bai ba ni haƙuri ba, Kuno ba ya yi, amma shi ya yi ta miƙo mini takarda kwana huɗu har muka cika talatin. Mama ta shanya su a igiyar wanki a tsakar gida, maƙwabta suna leƙe ta taga.

Ranar buɗewa mutane sun fi arba'in a ɗakin, rabinsu agogo suka zo saye. Reinhold ya fara jawabi daidai sha biyun rana, sai duk agogunan Haubold suka buga tare, ba wanda ya ji ko kalma. Jarida ta ce hotona kamar an yi wanki a mayanka. Samarin sun taya ni murna, don ni kaɗai aka zaga da suna. Amma matar Haubold, wadda ta yi wankau kafin ta yi aure, ta tsaya a gabansa ta daɗe. Ta ce mini haka abin yake a watan Agusta, in ka wuni a sunkuye ka ɗago kai, komai ja kake gani.

Na yi fushi da kai ƙwarai, ba zan ce ban yi ba. Ya wuce. Mama ta sa naka mai farar samaniya a firam ta rataye a falo, nawa kuma ta ce ya fi dacewa da kicin. Ga guda nan na aiko maka.

Saƙo daga Kuno da Reinhold: ko za ka yarda ka haɗa musu alluna irin wannan in sun aiko da zane da awo? Kuno ya ce in rubuta "da girmamawa". Na sa shi ya maimaita.

'Yarka,
Hulda


Königsberg, 22 ga Mayu, 1910

Hulda,

Gaisuwa gare ki da mahaifiyarki, wadda ita kaɗai ce mai ido a danginmu. Yatsan ya warke. Gwiwar ma ta yi sauƙi tunda rana ta fara fitowa.

Na kafa hoton a bangon maɗaba'a, saman injina. Balzer ya zo ya tsaya, ya fara buɗe baki. Na ce masa aikin 'yar yayata ne, an rataye shi a Dresden, jarida ta zage shi da suna, shi kuwa shekara ashirin yana jera haruffa ba wanda ya taɓa damuwa ya zage shi. Ya koma wurinsa. Da rana na gan shi ya dawo yana kallo, hannu a baya.

Ban fahimci abin da kuke yi ba, kada ki ɗauka na tuba. Kogi ba kore ba ne. Amma tun ranar Alhamis, duk sanda na ɗaga kai daga takardun gwangwani, sai in ji kamar in dafe hulata kada iska ta ɗauke ta.

Ki gaya wa samarin su aiko da awo, a rubuce da kyau, kuma takardar ta zo cikin ƙunshin. Su faɗi abin da zan taɓa da abin da ba zan taɓa ba. Na Kuno zan yi daga ƙarshe. Uwargida Skrodzki ta riga ta sa kwaɗo a kabad ɗinta, don haka katako sai su nemo.

Abu guda. Jar tawadar nan taku ba ta da kyau. Na shinshina, na goga da yatsa, na san irinta: shekara biyar a bango za ta koma ruwan ƙasa. Gwangwanin da ke cikin ƙunshin nan ni na haɗa, irin wanda muke sa wa takardun da za su yi tafiyar teku. Ki motsa shi sosai kafin ki shafa, kada ki ƙara mai. In dai dole sai samaniya ta yi ja, to ta yi jan da zai daɗe.

Kawunki,
Oswin Treutler